Yadda Ake Dawo da Natsuwa Idan Ɓacin Ran Yau da Kullum Ya Taso

A ƙasar Hausa da wuya a sami kalmar da ta fi "yi haƙuri" yawo a bakin jama'a. Ana faɗa wa wanda aka taka a kasuwa, da wanda aka yi wa rasuwa, da ɗalibin da sakamakon jarrabawarsa ya fito ba yadda ya so ba, har da wanda ya wuni a layin mai aka ce man ya ƙare daidai lokacin da layi ya zo kansa. Magabata ba su yi kuskure ba da suka ce haƙuri maganin zaman duniya. Sai dai abin da na lura da shi shi ne, muna yawan umartar juna da haƙuri, amma ba kasafai muke koya wa juna yadda ake yin sa ba. Saboda haka mutane da dama suka ɗauka cewa haƙuri shi ne mutum ya haɗiye abin da ke cin ransa, ya ce "ba komai" da fatar baki alhali cikinsa yana tafarfasa, daga baya kuma abin ya ɓullo ta wata ƙofa, ko dai a kan iyali, ko a rashin barci, ko a ciwon kan da ba a san mafarinsa ba.

Abin da ke tafe ya shafi ƙananan abubuwan da ke ɓata rai kullum: an ɗauke wuta cikin zafin watan Afrilu, an cire kuɗi a asusu amma ba su shiga wa mai kaya ba, cunkoso ya sa an makara, abokin ciniki ya ci bashi ya daina ɗaga waya, kuɗin cefanen da ya isa a watan jiya bai kai ko'ina ba a wannan watan. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur a Najeriya, kuɗin mota da na abinci suka tashi, irin waɗannan abubuwa sun ƙaru a rayuwar talaka da ma'aikaci, kuma sanin kowa ne cewa wanda aljihunsa ya matse, zuciyarsa a kusa take. Jerin matakan yana da muhimmanci: a fara da jiki, sannan baki, sannan tunani, sannan aiki. Wanda ya fara da yi wa kansa nasiha alhali ƙirjinsa yana dukan uku-uku, nasihar ba za ta sami wurin zama ba.

Mataki na farko: ka san 'yan aiken fushinka

Mai fushi yakan ji kamar abin ya faɗo masa ne daga sama, amma a gaskiya fushi yana turo 'yan aike kafin ya iso. A shekarar 1915 wani masanin aikin sassan jiki na Jami'ar Harvard da ke Amurka, Walter Cannon, ya bayyana abin da ke faruwa idan jiki ya ji barazana: wasu 'yan ƙananan gaɓoɓi biyu da ke zaune a saman ƙoda suna sakin sinadarin adiranalin cikin jini, sai bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya gajarce, jini ya karkata zuwa manyan tsokoki, narkewar abinci ta ja baya, domin jiki ya shirya wa faɗa ko gudu. Wannan shiri rahama ne ga wanda ya yi kiciɓis da kura a dawa. Matsalar ita ce jiki ba ya bambance kura da baƙar maganar da aka yaɓa maka a gaban jama'a, duka biyun ƙararrawa ɗaya suke kaɗawa.

Kowa da irin alamarsa. Wani kunnuwansa ne ke ɗaukar zafi, wani muƙamuƙinsa ke ɗaurewa, wani muryarsa ce ke fara rawa, wata kuma hawaye ne ke cika mata ido tun ba ta ce uffan ba. Ka ɗauki mako guda kana lura da kanka: duk lokacin da ranka ya ɓaci, bayan ka huce, ka tambayi kanka inda ka fara jin abin a jikinka, da lokacin da ya faru. Za ka ga cewa yana da lokutansa, kamar sa'adda kake jin yunwa, ko bayan la'asar a watan azumi, ko ƙarshen wata kafin albashi ya shigo, ko ranar da ba ka sami barci ba. Wanda ya san alamarsa yana samun 'yan daƙiƙoƙi kafin wutar ta kama, kuma a cikin waɗannan daƙiƙoƙi ne sauran matakan suke aiki.

Mataki na biyu: ka kwantar da jiki tukuna

Abu Dawud ya ruwaito daga Abu Zarri cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci wanda ya yi fushi yana tsaye da ya zauna, idan fushin bai tafi ba ya kishingiɗa. Abin lura a nan shi ne an fara da jiki. Mai tsayuwa a shirye yake ya kai hannu, mai zama ya rage wa kansa rabin wannan shiri. Don haka da zarar ka ji alamarka, ka nemi wurin zama, ka saki kafaɗunka, ka buɗe tafin hannunka idan ka dunƙule shi. Idan tuƙi kake yi, ka gangara gefen hanya ka tsaya.

Daga nan sai numfashi, wanda shi ne linzamin da ke hannunka a kowane wuri. Babban mutum da ke hutawa yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda, mai fushi kuwa nasa yakan yi sauri ya tsaya a ƙirji. Ka ɗora hannu a kan cikinka, ka shaƙi iska ta hanci kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu har ka ji cikin ya taso, sannan ka fitar da ita a hankali kana ƙirga ɗaya zuwa shida. Ka maimaita sau goma, abin da ba zai kai minti biyu ba. Sirrin yana cikin tsawaita fitar da iskar, domin akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya ta isa zuciya da huhu da hanji, wadda aikinta ya haɗa da rage saurin bugun zuciya, kuma tasirinta ya fi ƙarfi a lokacin da ake fitar da numfashi. Musulmi zai iya haɗa wannan da neman tsari. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sulaimanu ɗan Surad cewa wasu mutum biyu sun yi zage-zage a gaban Annabi (SAW) har fuskar ɗayansu ta yi ja, sai ya ce ya san kalmar da idan mutumin ya faɗe ta abin da yake ji zai gushe, wato "A'uzu billahi minash shaiɗanir rajim". Ka faɗe ta a hankali tare da fitar numfashi, ba da sauri kamar mai sauke nauyi ba.

Ruwa ma yana taimakawa. Malamai sun daɗe suna ba mai fushi shawarar ya yi alwala, likitoci kuma sun san cewa ruwan sanyi a fuska yana rage bugun zuciya. Idan duk da haka ba ka sauka ba, ka bar wurin na aƙalla minti 20, amma ka bar shi da ladabi, domin a al'adarmu juya wa babba baya yana magana wani laifin ne da ya fi na farko. Ɗa zai iya cewa, "Baba, a yi mini izini in yi alwala in dawo." Ma'aikaci zai iya cewa, "Ranka ya daɗe, a ba ni ɗan lokaci in duba, zan dawo da bayani." Miji zai iya ce wa matarsa, "Raina a ɓace yake, ba na son in faɗi abin da zan yi nadama, bari in je masallaci in dawo mu ƙarasa." Sharaɗin shi ne ka dawo ɗin da gaske.

Akwai wata shawara da ake yawan bayarwa wadda ya kamata a yi hattara da ita, wato mutum ya daki wani abu ko ya yi ta ihu don ya amayar da fushinsa. A 2002 wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Brad Bushman, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi, inda aka fusata mutane, aka sa wasu suka yi ta naushin buhun 'yan dambe suna tunanin wanda ya ɓata musu rai, wasu kuma aka bar su zaune shiru. Waɗanda suka yi naushin sun fito da fushi fiye da waɗanda suka zauna kawai. Buga ƙofa da jifa da kwano ƙarin itace ne a murhu.

Mataki na uku: ka kame baki da yatsa

Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Mafi yawan ɓarnar da ɓacin rai ke yi ba a cikin zuciya take tsayawa ba, a cikin jumla ɗaya ce da aka furta cikin minti guda aka shafe shekaru ana biyan bashinta. Gidaje nawa ne suka watse saboda sakin da aka furta a kan gishirin miya, washegari miji ya tashi yana zagayen malamai yana neman fatawa? 'Ya'ya nawa ne suke ɗauke da "Allah ya isa" da uwa ta yi musu ranar da talauci ya isa da ita, ba don laifinsu ya kai haka ba? An ruwaito a ingantaccen hadisi cewa kada alƙali ya yi hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi. Idan an hana alƙali, wanda ya yi karatu kuma rigimar ba tasa ba ce, to mai rigimar kansa ya fi cancanta ya dakata.

Ka kafa wa kanka doka tun yanzu da kake cikin natsuwa: babu saki, babu yaji, babu rantsuwa, babu sallamar yaron shago, babu ajiye aiki, babu yanke zumunci a ranar da abin ya faru. Duk hukuncin da yake daidai yau, gobe ma daidai ne. Ka kuma tanadi jumla guda da za ka riƙa faɗa idan an matsa maka, kamar "Na ji, za mu yi magana anjima," domin a lokacin fushi ƙwaƙwalwa ba ta ƙirƙiro magana mai daɗi, sai dai ta ɗauko wadda aka riga aka ajiye.

A zamanin nan yatsa ya zama baki na biyu, har ya fi na farko haɗari. Maganar da aka yi a zaure takan tsaya a kan waɗanda suka ji ta, amma saƙon muryar da ka tura a zauren WhatsApp na dangi ko na unguwa za a iya tura shi gaba har ya isa inda ba ka taɓa zato ba, kuma ko ka goge shi wani ya riga ya adana. Idan hannunka yana ƙaiƙayi, ka rubuta saƙon a inda babu lambar kowa, ka bar shi ya kwana. Da safe ka sake karantawa. Sau da yawa za ka ga layi biyu ne kawai suka cancanci a tura.

Mataki na huɗu: ka binciki labarin da zuciya ke ba ka

Bayan jiki ya sauka, sai a koma ga tunani, kuma a nan ne aikin ya fi zurfi. Farko ka kira abin da kake ji da sunansa na gaskiya. Hausa tana da wadatar kalmomi a nan: fushi daban, haushi daban, takaici daban, haka nan baƙin ciki, da kunya, da fargaba, da ƙyashi, da gajiya. A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a wata jami'a da ke Los Angeles sun nuna ta hanyar hoton ƙwaƙwalwa cewa idan mutum ya ambaci sunan yanayin da yake gani, ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke kaɗa ƙararrawar tsoro yana rage aiki. Ban da wannan, kiran abu da sunansa yana nuna maka inda ciwon yake. Uban da ya daka wa ɗansa tsawa don ya tambaye shi kuɗin makaranta, idan ya tsaya ya duba, zai ga ba fushi da yaron yake yi ba, tsoro ne da kunyar rashin abin bayarwa suka sa rigar fushi. Maganin tsoro kuwa dabam yake da maganin fushi.

Abu na biyu shi ne fassarar da ka yi wa abin da ya faru. Wani masanin halayyar ɗan'adam mai suna Albert Ellis ya gina hanyar jinyarsa tun daga 1955 a kan cewa tsakanin abin da ya faru da abin da mutum ya ji akwai wani abu na uku, wato abin da ya gaya wa kansa. A wurinmu, a ganina, wannan abu na uku yana da suna guda da ya fi kowane yawa: raini. Ka gai da maƙwabci bai amsa ba, zuciya ta ce ya raina ka. Direban A Daidaita Sahu ya shigo gabanka ba tare da ya ba da hannu ba, zuciya ta ce ya raina ka. An yi ɗaurin aure ba a aiko maka da goro ba, ƙaramin ma'aikaci ya bar ka tsaye yana danna waya, matarka ta amsa maka daga ɗaki ba ta fito ba, duk fassarar ɗaya ce. Mutunci abu ne mai tsada a wurin Bahaushe, kuma ba laifi ba ne mutum ya kare nasa, amma idan kowane kuskure na mutane ya zama raini a idonka, to ka miƙa wa duk mai wucewa a titi makullin zuciyarka.

Ka yi wa kanka tambayoyi uku. Mene ne ainihin abin da na gani ko na ji da kunnena, ban da abin da na ƙara? Wane dalili ne dabam zai iya sa mutumin ya yi haka? Bayan shekara guda, wannan abu zai dame ni? Maƙwabcin nan wataƙila daga asibiti yake, hankalinsa yana kan takardar maganin da ke aljihunsa. Direban nan wataƙila tun asuba yake kan titi bai haɗa kuɗin balas ɗin mai keken ba. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta umarci muminai da su nisanci yawan zato domin wani zaton zunubi ne, kuma amfanin wannan umarni yana komawa ga mai zaton kansa kafin kowa, tunda shi ne ke kwana da ƙuna. Ka kuma kula da kalmomin "kullum" da "ba ka taɓa" da "ni dai haka Allah ya yi ni ba ni da sa'a". Su ne ke mayar da tuntuɓe guda ya zama tarihin rayuwa.

Wannan ba yana nufin babu raini ko zalunci na gaske ba. Akwai su, kuma wani lokaci bayan ka yi tambayoyin nan uku amsar za ta fito cewa lallai an cuce ka. Bambancin shi ne yanzu ka san haka da hankalinka, kuma mai hankali a jikinsa ya fi iya ƙwato haƙƙinsa.

Mataki na biyar: ka raba abin gida biyu

Na taɓa tsayawa a wani kantin magani da daddare, an cire kuɗi a asusuna amma ba su shiga wa mai kantin ba, ga mara lafiya yana jira a gida. Na yi kusan rabin awa ina faɗa da yaron kantin, wanda ba shi da iko a kan na'urar balle bankin, kuma da na koma gida na tarar ban ma karɓi takardar shaidar cirar ba, abin da shi kaɗai ne zai amfane ni washegari. Tun daga ranar nake raba duk abin da ya same ni gida biyu: abin da ke hannuna, da abin da ba ya hannuna. Lalacewar hanyar sadarwar banki ba ta hannuna. Karɓar takardar shaida, da rubuta lokaci da adadin kuɗin, da kiran lambar da ke bayan kati, da zuwa banki da safe don cike takardar ƙorafi, da kiran ɗan'uwa ya ranta mini kuɗin maganin daren, duk suna hannuna.

Haka za ka yi da kowane cikas. Abin da ba ya hannunka ka miƙa shi ga Allah, wannan shi ne wurin tawakkali da dangana. Abin da ke hannunka kuma ka zaɓi guda ɗaya, mafi ƙanƙanta, ka aikata shi kafin awa 24 ta wuce, domin babu abin da ke ciyar da damuwa kamar zama ana juya abu a rai. Hadisin da Muslim ya ruwaito, wanda ya hana cewa "da na yi kaza da kaza ya faru" ya kuma koyar da cewa "Ƙaddarallahu wa ma sha'a fa'ala", shi ne dai ya fara da umartar mumini ya yi kwaɗayin abin da zai amfane shi, ya nemi taimakon Allah, kada ya gajiya. Mutane sukan riƙe rabin ƙarshe su manta da na farko. Hausawa sun ce da-na-sani ƙeya ce, kuma mai kallon ƙeyarsa ba ya ganin hanya.

Manyan koma-baya ma haka ake bi da su, sai dai sun fi cin lokaci. Wanda jarinsa ya karye, ko ya rasa gurbin karatu, ko aka fasa aurensa, yana da haƙƙin ya ji zafi na kwanaki, kuma bai kamata a hana shi ba. A yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, babu ɗalibin da ke da ikon buɗe jami'a, amma na ga waɗanda suka shiga shagon ɗinki ko gyaran waya ko suka koma hadda, kuma ko a fuska sun bambanta da waɗanda suka wuni suna bibiyar labarin zaman sulhu a waya.

Mataki na shida: ka koma ga mutumin

Idan abin ya shafi wanda kuke tare kullum, shiru na dindindin ba magani ba ne. Musulunci bai halatta ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku ba, Kiristoci kuma suna karantawa a Afisawa 4:26 cewa kada rana ta faɗi suna cikin fushi. Ka zaɓi lokacin da ku biyun kuka ci abinci kuka huta, ba a gaban yara ko baƙi ba. Ka faɗi abu guda da ya faru, da yadda ya taɓa ka, da abin da kake so nan gaba, ba tare da tono laifin bara ba. "Jiya da kika yi maganar kuɗin nan a gaban ƙannena na ji kunya, ina so irin wannan mu riƙa yin ta mu biyu" ya fi "ke dai ba ki da mutunci" isa inda ake so. Sannan ka yi shiru ka saurara har a gama. Idan abin ya fi ƙarfinku, a sa babba a ciki, ko waliyyi, ko limami, ko mai unguwa, amma a zaɓi wanda aka san yana riƙe sirri.

Ka kuma duba ko ka yi haushin kaza huce kan dami. Wanda shugabansa ya ci masa mutunci a ofis yakan dawo ya sauke a kan matarsa, ita kuma ta sauke a kan yara ko 'yar aiki. Idan ka yi haka, ka ba da haƙuri a fili, ko da ga ɗanka ne. Girman uba ba ya raguwa don ya ce, "Ɗazu na yi maka tsawa ba da laifinka ba, ka yi haƙuri." Wata dabara mai sauƙi ita ce ka tsaya minti biyar a ƙofar gida ko a masallacin unguwa kafin ka yi sallama, ka yi numfashin nan goma, don kada ka shiga da ƙurar waje.

Mataki na bakwai: ka yi tanadi tun kana lafiya

Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya ba da shawarar cewa kamar yadda mai lafiya ke ajiye magani a gida saboda ciwon ba-zata, haka ya kamata mutum ya tanadi kyawawan tunani a lokacin da hankalinsa ke kwance don ya ɗauko su ranar tashin hankali. Ka zaɓi aya ko addu'a ko karin magana guda biyu ko uku da ke ratsa ka, ka riƙa maimaita su kullum har su zauna.

Jiki ma yana da nasa tanadin. Babban mutum yana buƙatar barcin awa bakwai ko fiye, kuma wanda ya kwana yana danna waya har ƙarfe biyu zai tashi da gajeren haƙuri ko da malami ne. Goro da shayi da kofi da lemukan ƙara kuzari suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda rabinsa yakan kai kimanin awa biyar bai bar jini ba, don haka mai fama da rashin barci ya tsayar da su daga la'asar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato tafiyar sauri ta rabin awa sau biyar, kuma bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, lokaci ne da ya dace. Ka riƙe mutum ɗaya ko biyu da za ka iya buɗe wa cikinka, domin majalisa ko fada tana ɗebe kewa amma ba kowace magana ake bajewa a cikinta ba. Wanda ba shi da irin wannan amini zai iya rubutawa: minti 15 a rana, kwana huɗu a jere, kamar yadda wani masanin halayyar ɗan'adam, James Pennebaker, ya gwada da ɗalibai a 1986. Abin da ba tanadi ba ne shi ne ƙwaya. Gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018 saboda yadda ya yi wa matasa da matan aure illa, kuma da yawansu da neman mantuwa daga damuwa suka fara.

Mataki na takwas: ka san lokacin zuwa asibiti

Akwai inda waɗannan matakai ba su isa ba. Idan mutum ya shafe mako biyu ko fiye kusan kullum cikin ƙunci, abin da yake jin daɗinsa a da ya fita daga ransa, barci da cin abinci sun rikice, ba ya iya aikinsa, to wannan yana iya zama ciwon damuwa, kuma ciwo ne da ake magani kamar zazzaɓi, ba raunin imani ba ne. Haka nan wanda fushinsa ke kai shi ga dukan iyali, da matar da ta shiga baƙin ciki mai tsanani bayan haihuwa. Wanda kuwa ya fara tunanin kashe kansa, a ranar za a kai shi asibiti, kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kawar da guba da makami daga inda yake. Addu'a da ganin likita ba sa karo da juna.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa da ke Kaduna, da Kware a Jihar Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, ga kuma sassan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa da Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta kuma tanadi kare haƙƙin mara lafiya. Wanda waɗannan wurare suka yi masa nisa ya fara da asibitin da ke kusa da shi, a auna masa hawan jini, domin awon da ke kai 140 bisa 90 ko fiye a lokuta mabambanta yana buƙatar kulawa, ciwon ƙirji mai sauka a hannu tare da gumi kuwa ba ya jiran wayewar gari. Idan za ka je, ka tafi da wanda ya san halin da kake ciki, ka rubuta ranar da abin ya fara, da awa nawa kake barci, da sunan duk maganin da kake sha, har da na gargajiya, ka miƙa wa likita.